Baka da Masu Yinsa a Ƙasar Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Gabatarwa

Wannan ɗan bayani ya shafi baka, wato makamin da ya tsare garuruwan Katsinar Maraɗi da Gobir a ƙarni na 19. Abin da muke son nunawa shi ne, baka ba aikin hannu ɗaya ba ne. Maharbi da maƙeri da daji su suka taru suka yi shi, saboda haka da yaƙi ya ƙare, daji kuma ya zama gonaki, sai sana'ar ta ja baya tare da kalmominta.

1. Zamanin yaƙi

A shekarar 1804, a Tabkin Kwatto, ƴan bakan jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka karya dawakin Sarkin Gobir Yunfa. Daga nan kowa ya san barde mai lifidi ba ya raina mai kwari. Bayan faɗuwar Birnin Katsina a 1807, zuriyar sarakunanta ta yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi wajen 1819. Gobirawa kuma, bayan an kashe sarkinsu Ali a Gawakuke a 1836, suka kafa Tsibiri ƙarƙashin Mayaƙi. Tsibiri tana cikin gundumar Gidan Rumji a yau.

Waɗannan masarautu biyu sun yi shekaru da yawa suna kai hari, ana kawo musu, musamman a zamanin Ɗan Baskore (1854-1875), wanda M. G. Smith ya yi nazarin mulkinsa. Doki da sulke na sarakai ne, bindiga kuwa ba ta wadata ba. Talaka ba shi da makamin da ya fi baka, domin itacensa kyauta ne a daji. Ƙasar Agye da Gazawa, da ke gabas da Maraɗi, dawa ta fi yawa cikinta a lokacin, kuma ƙauyuka da dama na wannan yanki suna danganta kafuwarsu ga wani maharbi da ya fara yin bukka a wurin.

2. Yadda ake yin baka

Maharbi shi ke yi wa kansa baka, ya kuwa koya ne daga mahaifinsa, domin farauta gado ce. Guy Nicolas, cikin littafinsa na 1975, ya bayyana yadda dangogin Anna na gulbin Maraɗi suke riƙe da sana'o'i irin wannan a matsayin gadon kakanni.

Da farko sai a nemi reshe miƙaƙƙe marar gaɓa, na dargaza ko ɗunɗu, itatuwa masu lanƙwasa ba su karye ba. A ɓare shi, a ajiye a inuwa har ya bushe sannu a hankali, don kada rana ta tsaga shi. Sa'an nan a sassaƙe shi da gizago da wuƙa, a bar tsakiya da kauri, bakin biyu kuma su sirance daidai da juna. Tsawonsa ba ya cika wuce kamu 3. Inda ya karkace sai a shafa mai, a gasa a kan garwashi, a tanƙwara. Tsarkiya kuwa daga fata ake yanko ta siririya, a jiƙa, a murɗe, a ɗame har ta bushe.

Kibiya ta fi baka yawan masu aiki. Jikinta kyauro ne, ba a sa mata gashin tsuntsu. Maƙeri ke ƙera bakinta, mai kunne ko tsiko marar kunne, a ɗaure da jijiya. Da yake bakan ba mai jifa da nisa ba ne, ƙarfinsa yana ga dafi, wanda ake dafawa da ƴaƴan kwankwani, a haɗa da wasu tsirrai kamar tinya. Wannan sani asiri ne, ba a faɗa wa bare. Shugaban masu wannan aiki shi ne Sarkin Baka.

3. Ja da baya

A 1899 rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta ratsa wannan ƙasa da ƙone-ƙone, har tafiyarsu ta ƙare a Maijirgi cikin watan Yuli. Nan aka ga iyakar kibiya gaban bindiga mai aman harsashi. Yarjejeniyar iyaka ta 1904 da 1906 tsakanin Faransa da Ingila ta bar Maraɗi hannun Faransawa, hare-hare suka tsaya. Da zaman lafiya ya samu, mutane suka fita daga ganuwa suka sare dawa, noman gyaɗa ya ƙara cin ƙasa. Farin 1973 da na 1984 suka rage itatuwa da namun daji, dokar 1998 kuma ta tsara sharuɗɗan farauta. Sassaben zamani, da ya yaɗu a jahar Maraɗi tun daga shekarun 1980, ya mai da itatuwa cikin gonaki, amma bai mai da dawa ba.

4. Abin da ya rage ga masu bincike

Kalmar baka ta tsira cikin bakan gizo da bakan shiɓa, amma tsarkiya da tsiko da kyauro ba kowane yaro ne ya san su ba. A wannan yanki ana cewa halbi da mahalbi inda Kano ke cewa harbi da maharbi. A rubuce kuma, baka na harbi da baka na baki kamarsu ɗaya, haka kwari na kibau da kwari na ƙasa, sai sauti ke raba su. Misalai ne masu kyau ga littattafan yaƙi da jahilci, domin suna koya wa mai karatu lura da jimla.

Ya kamata a zauna da tsofaffin maharba da maƙera a gundumomin nan uku, a ɗauki muryarsu suna aiki, a rubuta kowace kalma da sunan garin da aka ji ta. Aikin ba ya jiran baɗi, domin masu wannan sani tsofaffi ne, magadansu kuwa kaɗan.