Ganɗoki: Tarihi da Ruɗun Mayaƙin da Aka Ci da Yaƙi

Manazarta sun daɗe suna kallon littafin Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, wanda ya fito a 1934 bayan gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, a matsayin labari mai gida biyu. Kashin farko tarihi ne tsantsa: yaƙe-yaƙen zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse da faɗuwar Kwantagora a hannun Turawa a 1901. Daga nan sai labarin ya kauce, Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare suka faɗa duniyar aljanu.

Wasu na ganin wannan kaucewa rauni ce. A ganina, nan ne marubucin ya fi zurfafa tunani. Takobin da ya kasa gaban igwa shi ne yake sare aljanu ba adadi, kuma duk nasarorin daga bakin Ganɗoki kaɗai muke jin su, yana kirari yana yabon kansa. Haka zuciyar da ta ƙi yarda da faɗuwa take ƙaga wa kanta fagen fama. Malam Bello kuwa yana yaro aka ci ƙasarsu, ya kuma girma ya koyar a Kwalejin Katsina, makarantar waɗanda suka ci ta.