Yadda Lissafi Ya Tsara Darajar Hannaye a Wasan Poka

A duk inda ake wasan kartar da ake kira poka, daga Las Vegas har Makao, doka ɗaya ce ke raba gardama: hannun da ya fi wuyar samu shi ke cin wanda ya fi sauƙin samu. Wannan doka ba rana ɗaya aka kafa ta ba. An kwashe shekaru masu yawa ana ja-in-ja tsakanin al'adar 'yan caca da lissafi kafin tsarin ya zauna.

Wasan ya bayyana ne a farkon ƙarni na 19 a yankin New Orleans na Amurka, ya kuma bazu ta jiragen ruwan da ke zirga-zirga a kogin Misisifi. Wani ɗan wasan kwaikwayo Bature mai suna Joseph Cowell ya ba da labarin yadda ya ga ana yin sa a cikin jirgi a 1829. A lokacin da kati 20 kacal ake wasa: es, sarki, sarauniya, jak da goma, kowanne guda huɗu. Mutum huɗu ke zama, kowa ya karɓi kati biyar, shi ke nan karta ta ƙare. Hannayen da aka sani biyar ne: tagwaye, tagwaye biyu, 'yan uku, cikakken gida, wato 'yan uku haɗe da tagwaye, sai 'yan huɗu. Wanda ya riƙe es huɗu, ko sarakuna huɗu da es ɗaya, ya san babu mai cin sa, babu ma mai yin kunnen doki da shi.

Daga shekarun 1830 zuwa 1840 aka koma amfani da cikakkiyar karta mai kati 52. Hakan ya ba mutane da yawa damar zama a teburi ɗaya, kuma aka sami ragowar kati da mutum zai iya musanya nasa da su. Da yawan kati sai sababbin hannaye suka shigo. Na farko shi ne kati biyar masu alama ɗaya, kamar a ce duka zuciya ce a jikinsu. Wannan ya sami gurbinsa ba tare da wata hayaniya ba.

Rigimar ta taso ne a kan jeri, wato kati biyar masu bin juna kamar 5, 6, 7, 8, 9. Littafin dokokin wasanni mai suna The American Hoyle, bugun 1864, ya ajiye jeri a ƙasa da 'yan uku. Ya kuma ce idan jeri ya haɗu da alama ɗaya yana cin cikakken gida, amma bai ɗora shi a kan 'yan huɗu ba. Duka hukuncin biyu sun saɓa wa lissafi. Tsofaffin 'yan wasa sun saba da es huɗu a matsayin ƙololuwa, ba sa son a sauke shi. Masu son sauyi kuwa sun kawo hujja ta mutunci: bai dace mutum ya zuba kuɗi a kan abin da ya tabbata ba zai faɗi ba, domin wannan ya tashi daga wasa ya koma ƙwace. Idan aka ɗora jeri mai alama ɗaya a sama, ko mafi girman hannu ma wani zai iya riƙe irinsa a wata alamar. Kafin ƙarshen ƙarnin, ra'ayinsu ya yi rinjaye.

Alƙaluma ne suka ba su gaskiya. Daga kati 52 ana iya haɗa hannu mai kati biyar ta hanya 2,598,960. A cikinsu 40 ne kawai jeri mai alama ɗaya, kuma 4 daga cikin 40 ɗin su ne jerin sarauta, daga goma zuwa es. 'Yan huɗu 624 ne, cikakken gida 3,744, alama ɗaya 5,108, jeri 10,200. Daga nan adadin ya yi tsalle: 'yan uku 54,912, tagwaye biyu 123,552, tagwaye 1,098,240. Duk wanda ya dubi 10,200 ya dubi 54,912 zai gane cewa jeri ya fi 'yan uku wuya fiye da ninki biyar, don haka dole ya hau kansa. Da wannan tsari aka fara Gasar Poka ta Duniya a Las Vegas a 1970, kuma shi ake bi a salon Texas da ya fi shahara yanzu.

Abin da ke nuna cewa ƙarancin samu ne tushen daraja shi ne, idan karta ta sauya, tsarin ma sauyawa yake yi. Akwai salon da ya yi tashe a Asiya inda ake cire katin 2 zuwa 5, a bar 36. A nan hanyoyin samun alama ɗaya 480 ne, na cikakken gida kuwa 1,728, saboda haka alama ɗaya ke cin cikakken gida.

Wannan lissafi yana da wata fuska da ya kamata mai karatu ya lura da ita. Hannaye 1,302,540, wato kusan rabi, ba su da ko tagwaye, kuma fiye da kashi 92 cikin 100 ba su wuce tagwaye ɗaya ba. Tun a 1843 Jonathan Green, tsohon ɗan caca da ya tuba, ya wallafa littafi yana gargaɗin jama'a kan maguɗin da ake yi a teburan karta. Musulunci kuma ya haramta caca ƙarara. Ilimin ƙididdigar yiwuwar abu da ke cikin wannan tarihi abin koyo ne ga ɗalibi, amma mai hankali ba zai ɗora guminsa a kan jerin sarauta, hannun da ke zuwa sau ɗaya cikin 649,740, ba.