Mai Ɗaukar Murya da Waƙar Baka a Ƙasar Zamfara

Manazarta waƙar baka sun saba fara bayaninsu da makaɗi: inda aka haife shi, wanda ya koya masa kiɗa, ubangidansa da kayan kiɗansa. Ba kasafai suke waiwayar mutumin da ya riƙe na'ura ya ɗauki muryar ba, alhali kuwa duk abin da ake saurara a yau na Ibrahim Narambaɗa na Tubali, ko Salihu Jankiɗi da aka haifa a Rawayya ta ƙasar Bunguɗu, ko Musa Ɗanƙwairo na Maradun, ta hannun wannan mutum ya biyo. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa shi da na'urarsa suna da hannu a cikin siffar waƙar da ta iso ga manazarci.

An ƙirƙiro na'urar ɗaukar murya a Amurka a 1877, garmaho mai faifai ya biyo baya bayan shekara goma. Kafin ƙarshen shekarun 1920 kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙin mutanen Afirka ta Yamma a Landan don sayarwa a ƙasashensu. A daidai wannan lokaci ne jirgin ƙasa ya iso Gusau daga Zariya, garin ya zama cibiyar cinikin auduga da gyaɗa, kayan Turawa suka samu hanyar shigowa. Sai dai faifan garmaho yana da ƙa'idar da ba ta san fada ba: kowane gefe ba ya wuce kimanin minti uku. Makaɗin sarauta kuwa yana iya tsayawa a kan gindin waƙa ɗaya, yana kawo ɗiya yana komawa ga amshi, har sai ya ga ubangidansa ya motsa. Duk makaɗin da ya yarda ya shiga faifai, dole ya zaɓi ɗiyan da zai bari.

Rediyo ce ta faɗaɗa wannan ƙofa. A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, kuma a cikin ma'aikatan irin waɗannan gidaje ne ɗaukar murya ta fara zama aikin albashi ga 'yan Arewa. Tef na faifai ya ba makaɗi sarari ya yi dogon zango. Amma a nan ma akwai zaɓin da ba nasa ba ne. Ƙungiyar kotso ko ta taushi ta ƙunshi jagora da 'yan amshi da masu kiɗa, ga makirfo ɗaya ko biyu. In aka matsa da shi kusa da ganga, kalmomi su nutse. In aka ba jagora shi kaɗai, ƙarin da 'yan amshi ke yi masa ya dusashe, a nan kuwa sau da yawa ake ƙarasa ma'anar ɗa. Ban da haka, makaɗin da aka raba da ƙofar fada aka sa shi a ɗaki ba shi da mai yi masa kyauta a gabansa, ba shi da abokin hamayyar da zai yi wa zambo ido da ido. Abin da aka ɗauka waƙarsa ce, amma ba irin wadda ya rera ranar hawan salla ba.

Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960, wato kafin kaset ya bazu, shi ya sa abin da ya rage na muryarsa bai kai yawan na Ɗanƙwairo ba, wanda ya rayu har 1991. Wannan bambanci na zamanin na'ura ne, bai kamata a ɗauke shi ma'aunin yawan waƙoƙin kowannensu ba.

Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya fitar da sana'ar daga hannun hukuma. Tun daga shekarun 1970 duk mai rikoda da batir ya iya zama mai ɗauka, a gidan biki ko a filin dambe. Masu shaguna suka riƙa kwafa daga kaset zuwa kaset, ana kaiwa kasuwannin Tsafe da Bunguɗu da Magami ta hanyar Ɗansadau. Kowane kwafi yana ƙara shuu a kan na baya. In batir ya yi sanyi lokacin ɗauka, sai muryar ta fito da sauri da siranta idan an saurara. Kaset ya cika, a juya shi, ɗan waƙa ya faɗa tsakani. Ba a rubuta rana, ba a rubuta wuri, balle sunan wanda ya ɗauka. Daga irin waɗannan kaset-kaset ne ɗalibai da yawa suka juyo matanin da suka gina kundayensu a kai, wani lokaci ma kunnen da bai saba da Zamfarci ba ya mai da kalmar da bai ji sosai ba zuwa Kananci. Aikin Sa'idu Muhammad Gusau na bin makaɗa da iyalansu yana da daraja ta wannan fuska, domin hira da 'yan amshi tana warware abin da kaset ya cuɗe.

A shekarun 1990 al'amarin ya juya. Finafinan Hausa na Kano sun zo da fiyano ƙirar Yamaha, daga baya kwamfuta da manhajoji irin su FL Studio suka shigo, har ɗakunan haɗa kiɗa suka bazu zuwa Gusau da sauran garuruwa. Yanzu mai situdiyo ne ke fara haɗa kiɗa, mawaƙi ya zo shi kaɗai ya ɗora murya, a ninka murya ɗaya ta zama amshi. Kotso yana bin hawa da saukar karin harshe domin makaɗi na matsa tsarkiyarsa. Sautin gangar da ke cikin fiyano a daskare yake. Wanda a da ba a san sunansa ba, yau ana ambaton sunansa ko na ɗakinsa tun a farkon waƙa, matasa kuma suna zaman koyo a wurinsa kamar yadda ake yi wa tela ko makaniki.

Tsofaffin waƙoƙin kuwa sun koma katin waya. Masu tura waƙa a bakin tasha suna sayar da su cikin tarin fayil, an juyo su daga kaset ɗin da aka riga aka kwafa sau da yawa, wasu an yanke musu kai, wasu an liƙa musu sunan makaɗin da ba shi ya yi su ba.