Asalin Wagar Goro a Hanyar Zugu

Gidan tarihin Parakou, a arewacin Benin, bukkoki ne aka jera ana nuna kayan Bargawa da Fulani na yau da kullum. Da ni ake shawara, da wagar fatake za a fara ajiyewa a bakin ƙofa, don arzikin Parakou da na Djougou, wadda kakanninmu ke kira Zugu, a cikinta ya iso.

Asalinta goro ne. Tarihin Kano ya ce Amina ta Zazzau ce ta fara samun goro a ƙasar Hausa, ran da Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Ya sa abin a zamanin Sarkin Kano Dauda, 1421 zuwa 1438, amma wasu masana sun ce Amina ba ta yi zamani ba sai ƙarni na 16. Akwai kuma masu cewa Wangarawan Mali ne suka fara fataucinsa. A ganina maganarsu ta fi kama hankali, tunda har yau tsohuwar unguwar 'yan kasuwa a Djougou Wangara ake ce mata, Kilir kuma ta sarauta.

To, goro ɗan lele ne, ba ya son rana, ba ya son iska, ga tafiyar watanni daga Salaga ta Gwanja zuwa Kano. Sai fatake suka yi masa ɗaki da fatar sa, wato waga. A shimfiɗa ganye a ciki, a jera goro ƙwarya-ƙwarya, kowace ƙwarya ɗari, a lulluɓe, a ɗaure tamau, a aza wa jaki ɗaya dama ɗaya hagu. In ayari ya sauka zangon Zugu, madugu ya biya fito, sai a kwance waga, a tsince wanda sankara ta taɓa, a yayyafa ruwa, a sake ganye. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari duk da wannan haƙuri suka yi suna, suna kai kanwa da rini, suna komowa da goro ta Parakou da Nikki.

Yaƙin basasa ya ci Salaga a 1892, jirgin ƙasa ya shiga Kano a 1911, goro ya koma bin Ikko. Abin takaici, yaron Zongo a Parakou yau ya san huhu a bayan mota, amma ka ce masa waga, sai ya tsaya kallonka.