Hawan Dutsen Kilimanjaro: Su Wa Tarihi Ya Tuna?

Dutsen Kilimanjaro yana arewa maso gabashin ƙasar Tanzaniya, dab da iyakar Kenya, kuma duk Afirka babu dutsen da ya kai shi tsawo, domin kuwa ƙololuwarsa ta kai mita 5,895. Mutanen ƙabilar Cagga sun daɗe suna noman ayaba a gindinsa tun kafin wani Bature ya san da zamansa. A shekarar 1848 ne wani ɗan mishan Bajamushe, Johannes Rebmann, ya hango shi, ya ba da labarin ya ga ƙanƙara a kansa. Wasu masana a Ingila suka ƙaryata shi, wai ina ƙanƙara ina ƙasar zafi?

Wanda aka ce shi ya fara kaiwa ƙololuwa shi ne Hans Meyer, shi ma Bajamushe, kuma sai da ya yi zuwa uku. A 1887 ya kai bakin ƙanƙara ya juyo don rashin kayan aiki. A 1888 bai ma isa dutsen ba, domin ya faɗa hannun mutanen Abushiri, waɗanda suka yi wa Jamusawa tawaye a bakin teku, sai da aka biya fansa suka sake shi. A 1889 ya komo tare da Ludwig Purtscheller, gwanin hawan dutse daga Ostiriya.

To, a nan ne ya kamata mai karatu ya lura. Dabarar da ta ba su nasara a wannan karon ita ce kafa zango-zango a jikin dutsen, 'yan dako suna hawowa da abinci daga ƙasa a kai a kai. Watau ba don waɗannan bayin Allah ba, da yunwa ta sauko da Turawan tun ba su taka ƙanƙara ba. A zangon sama, inda sanyi ke ratsa ƙashi, wani mutumin Pangani mai suna Mwini Amani ne ya zauna da su, yana hura wuta yana girki. Ran 3 ga Oktoba suka yi ta sassaƙa matakala a jikin ƙanƙara da gatari har ƙarfinsu ya ƙare, suka juyo. Ran 6 ga wata suka kai. Meyer ya kafa tutar Jamus, ya raɗa wa ƙololuwar sunan Sarkin Jamus Wilhelm, har ya kai masa ɗan dutse tsaraba. Sauran 'yan dakon kuwa, galibinsu ko sunansu ba a ji.

Daren samun 'yancin kan Tanganyika, a watan Disamba 1961, wani hafsan soja, Alexander Nyirenda, ya hau da tutar ƙasar da fitilar 'yanci. Aka canza wa ƙololuwar suna ta koma Uhuru, watau 'yanci da Sawahili.

Suna ya canza, amma aikin dako yana nan. Mai bin hanyar Marangu yakan yi kwana biyar ko shida, yana yada zango a Mandara da Horombo da Kibo, sa'an nan ya tashi tsakar dare ya doshi ƙololuwa, numfashi yana sarƙewa don ƙarancin iska. Shi da 'yar jaka a baya, 'yan dako kuwa da kayansa a ka, su riga shi isa zango su ɗora tukunya. Ƙanƙarar da Meyer ya sassaƙa kuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 na wadda ke kan dutsen a 1912 ta narke.