Fetur Mai Tsada: Daga Ina Labarin Ya Faro?



Wani ƙanena da ke karatu a Amurka ya ce min shi fetur ɗin "premium" kawai yake zuba wa Corolla ɗinsa, wai don ta yi ƙarko. Wannan ya sa na bibiyi tarihin abin.

Shekaru ɗari da suka wuce, babban ciwon kan masu ƙera motoci shi ne inji ya riƙa ƙara kas-kas-kas. Dalili kuwa, idan fistin ya matse mai da iska sosai, wani ɓangaren yakan kama da wuta da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi. A Disambar 1921 wani injiniyan General Motors, Thomas Midgley, ya gano cewa ɗan sinadarin dalma a cikin fetur yana kashe wannan ƙarar. A 1923 aka fara sayar da shi a Dayton, jihar Ohio, da sunan Ethyl, a farashin da ya fi na gama-gari.

To amma dalma guba ce. A 1924 ma'aikata biyar suka mutu a matatar Standard Oil da ke New Jersey, duk da haka ciniki ya ci gaba. Sai a 1996 Amurka ta haramta shi ga motoci, Aljeriya kuwa ita ce ta ƙarshe a duniya, a 2021.

Dalma ta tafi, amma tunanin cewa mai tsada ya fi ƙarfi yana nan. Lambar oktan da ke jikin famfo, 87 ga na gama-gari, 91 zuwa 93 ga premium a Amurka, ba ƙarfi take aunawa ba. Juriyar mai ga matsi take nunawa. Injin da ke matse mai sosai, kamar na wasu motoci masu turbo, shi ke buƙatarsa.

A 2016 ƙungiyar masu motoci ta AAA ta gwada premium a motocin da aka ƙera don 87: babu ƙarin ƙarfi, babu ragin shan mai. Ta ƙiyasta cewa Amurkawa sun yi asarar sama da dala biliyan 2 a shekara guda kan wannan.

Na ce wa ƙanen nan nawa: buɗe littafin motarka. In ya ce 87, zuba 87, canjin ka adana don juyen baƙin mai.

Mu haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.