Daga Kuge Zuwa Salula: Wa Ke Sanar da 'Yan Makaranta Haɗari?

Ƙasarmu ta Gidan Sori, da Tsibiri da sauran garuruwan Gidan Rumji, ba a cikin kwanciyar hankali aka kafa ta ba. Katsinawan da jihadi ya raba da birninsu sun zauna a Maraɗi wajen 1819 tare da Ɗan Kasawa, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Daga nan aka yi shekaru masu yawa ana kai hari ana kawo hari tsakaninmu da ƙasashen da ke bin Sakkwato. Mutanen da suka rayu a haka dole su san hanyar da labarin haɗari zai kai ga kowa kafin haɗarin ya iso.

A fada akwai tambari, akwai kuge, ƙarfen nan da ake bugawa da ƙaho idan za a yi shelar sarki ko ta yaƙi. Ƙauye ba shi da waɗannan, sai ganga da ƙaho da maƙogwaron mutane. Kakata ta sha gaya mana cewa ko yaron goye ya girma yana jin bambancin kiɗan gayya, da kiɗan farauta, da kiɗan da ake yi a ƙofar mai gari in abu ya ɓaci. In aka ji na ƙarshen nan ba wanda ke tsayawa tambaya. Mata su tattara yara, maza su ɗauki kwari da baka su nufi ƙofar mai gari, masu kiwo su kora dabbobi inda aka saba ɓoye su. In shanu aka sata, a yi kururuwa, gari ya fita bin sawu, ƙauyen gaba ya karɓa. Abin da ba na gaggawa ba kuwa, mai shela ne ke zaga unguwanni bayan sallar isha'i, ya fara da isar da gaisuwar sarki, sannan ya faɗi saƙo.

Abin da na fi jinjina wa a wannan tsari shi ne an gama magana tun kafin ranar tashin hankali. An san wanda ke da ikon sa a buga, an san ma'anar bugun, an san inda kowa zai nufa. Wanda ya tayar da gari a kan ƙarya kuwa, a gaban mai gari zai yi bayani.

Da lakwal ta zo a zamanin Faransawa, ta zo da nata ƙarfen. Duk wanda ya yi karatu a karkarar Maraɗi ya san shi: tsohon ƙarfen ƙafar mota, an rataye shi da waya a reshen bedi, gefensa ya yi ƙyalli saboda duka, ga wani guntun ƙarfe da ake ɓoyewa a ofishin darekta don kada yara su yi wasa da shi. Ana jin ƙararsa har gonakin bayan gari. Na yi shekaru ina koyarwa a ƙarƙashin wannan ƙara, kuma abu uku kawai take faɗa: a shiga aji, a fita shan iska, a tashi. Ba a taɓa ware mata bugun da ke nufin wuta ko ɓarayi ba. Makaranta ta ɗauki ƙarfe mai kai saƙo nesa, ta mai da shi agogo kawai.

Mun ga abin da hakan ke jawowa. Ajin zana, wanda muka sani ciki da waje, ana kafa shi ne bayan girbi da kara da zana busassu, ƙofarsa ɗaya, yara cike a ciki kan tabarma ko kan rairayi, ga iskar hunturu tana kaɗawa. A watan Afrilu na 2021 wuta ta kama irin waɗannan azuzuwa a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamba na 2021 ɗin aka sake yi a cikin garin Maraɗi, aƙalla yara 25 suka tafi, 'yan shekara biyar zuwa shida. Gwamnati ta hana sa 'yan ajin renon yara a rumfar kara, kuma ta yi daidai. Amma wutar zana ba ta jiran a kira lamba 18 motar kashe gobara ta taso. Abin da zai ceci yaro shi ne ya riga ya san ƙarar da ke cewa a fita, ya san ta ina, malaminsa kuma ya san a gindin wace bishiya zai ƙirga su.

Ko ƙasashe masu kuɗi da hawaye suka koyi wannan. A Amurka, kisan wata ɗaliba mai suna Jeanne Clery a ɗakin kwananta na Jami'ar Lehigh a 1986 ne ya haifar da dokar 1990 da ta tilasta wa jami'o'i bayyana laifukan da ake yi a harabarsu, su kuma yi gargaɗi a kan lokaci. Ranar 16 ga Afrilu 2007 wani ɗalibi ya kashe mutum 32 a Virginia Tech, saƙon farko da jami'ar ta aika kuwa sai da aka yi kusan awa biyu da harbin farko. A 2008 aka ƙara wa dokar ƙarfi, aka ce da an tabbatar da haɗari a sanar nan take. Shi ya sa yau jami'o'in Amurka suke haɗa saƙon waya da imel da lasifika da jiniya, suna kuma gwada su kowace shekara.

Mu namu haɗarin ya sake kama. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun 'yan bindiga, aka zaunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Mun ji abin da ya faru a Ƙanƙara a Disamban 2020, inda aka kwashe ɗalibai sama da 300 cikin dare, da kuma 'yan mata 279 na Jangebe a Fabrairun 2021. Ba nisa ne da mu ba, kuma iyaye sun sani.

Yaranmu da ke Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, da na kwaleji da lise a Gidan Rumji da Agye da Gazawa, yanzu ta WhatsApp suke jin labari, a rukunin ajinsu ko daga bakin wakilin ɗalibai. Saurin ya fi na kowace ganga. Sai dai kowa na iya bugawa. Muryar da aka ɗauka bara a wani gari sai ta dawo bana a ce yanzu abin ke faruwa, iyaye su bar kasuwa a guje su nufi makaranta. In aka yi haka sau biyu sau uku, ranar da abin ya zama gaskiya sai a ce ƙarya ce irin ta kullum. Ga kuma wuraren da rezo ke ɗaukewa, ga wayar da cajinta ya ƙare, ga ƙananan yara da ba su da waya ma.

Don haka a duk zaman kwamitin iyaye da malamai da na samu kaina, maganata ɗaya ce. A ware wa ƙarfen makaranta bugun haɗari, mai sauri ba tsayawa, wanda ba a yin sa don komai sai wannan. A faɗi sunan mutum biyu da ke da ikon aika saƙo da sunan makaranta, lambar jandarma da ta asibiti na rubuce a bangon ofis. A yi magana da mai gari da liman tun yanzu, don lasifikar masallaci ta karɓi saƙon ta kai shi unguwanni. A tsaga wa kowane ajin zana ƙofa ta biyu. Sannan a makon farko na komawa makaranta a watan Oktoba, kafin kara ya gama bushewa, a buga ƙarfen, a fitar da yara aji aji, a ƙirga su.